Kwamfutar shago ta mutu bayan an kawo wuta da ƙarfi: a gyara ta ko a haɗa wata?

Mai Shagon Bugu

Assalamu alaikum, masana. Ina neman shawara a kan kwamfutar teburi da muke buga takardu da zanen katin biki da ita a shago. Dell OptiPlex 7010 ce mai dogon kesin na tsaye, firosesa i5-3470, ram 8GB sanda biyu, had-dis 500GB, tana kan Windows 10. An ɗauke wuta tana kunne, da aka dawo da ita sai ta zo da ƙarfi har ƙwan fitila biyu suka ƙone a shagon. Tun daga nan in an danna maɓalli sai fanka ta ɗan motsa ta tsaya. Fitilar maɓallin tana ƙifta ruwan lemo sau biyu, ta dakata, ta sake biyu. Babu hoto, babu ƙara.

Mai gyara na farko ya ce bod ne ya ƙone, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfutar ke haɗe a kansa, a nemo irinsa. Na biyu ya ce in bar wahala, in sayi sabon bod da firosesa da ram a zuba a cikin wannan kesin ɗin. Ayyukan kwastomomi duk suna kan had-dis ɗin, kuma ba mu da kwafinsu a ko'ina. Wanne ya fi?

Mai Mita

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Ƙiftawa biyu, dakatawa, sannan biyu, a littafin wannan samfurin tana nuna ɗaya daga cikin abu uku: bod, fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta), ko wayoyin fawa-fak. Wanda ya ce maka bod ne ba tare da ya sa mitar awon wuta ba, mafi tsada cikin ukun kawai ya zaɓar maka. Idan wuta ta yi tsalle fawa-fak ne ke fara shan duka, kuma sau da yawa a kansa abin yake tsayawa.

Ga yadda za a gwada. Zare wayar bango, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar da ke ciki ta zube. Buɗe kesin ka cire duk wayoyin fawa-fak daga inda suke: babbar mai fil 24 da ke kan bod, ƙarama mai fil 4 da ke kusa da firosesa, da na had-dis da na DVD. A bayan fawa-fak ɗin 7010 akwai ɗan maɓallin gwaji da fitila a gefensa. Mayar da wayar bango ka danna shi. In fitilar ta kama kore kuma fanka ta juya, yana da rai. In ba ta kama ba alhali babu abin da ke haɗe da shi, ya mutu, magana ta ƙare a kansa.

In kana da mita, fitila kaɗai ba ta isa hujja ba. A kan babbar wayar, mai launin shunayya dole ta ba da 5V ko kwamfutar tana kashe, muddin wayar bango na ciki. Sai ka haɗa koriyar waya da ɗaya daga cikin baƙaƙen da ɗan guntun ƙarfe, fawa-fak zai tashi. Rawayar waya ta zauna tsakanin 11.4V da 12.6V, ja tsakanin 4.75V da 5.25V, ruwan lemo tsakanin 3.14V da 3.47V. Wadda ta fita daga nan ko take rawa, a canza fawa-fak ɗin. Amma kada ka kwance akwatinsa don ka leƙa fiyus. Babbar kafasitar ciki tana riƙe sama da 300V bayan an zare waya, kuma fiyus ba ya ƙonewa a banza. In ka sa sabo zai sake fashewa saboda abin da ya kashe na farkon yana nan.

Sa'ar da ka yi ita ce 7010 mai dogon kesin tana karɓar fawa-fak na ATX na gama-gari. Nata na asali 275W ne, don haka kowane lafiyayye daga 300W zuwa sama zai yi aikin gwaji. Samfuran da suka biyo ta, irin 7020 da 9020, sun koma waya mai fil 8 ta Dell kaɗai, wannan sauƙin babu shi a can. Ari ɗaya ka haɗa shi da bod, sandar ram ɗaya, da manita kawai. Babu had-dis, babu firinta, babu wayar intanet. In tambarin Dell ya fito, danna F12 ka zaɓi Diagnostics, ka bar gwajin ya kai ƙarshe. Daga nan sai a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana kashewa kafin kowane haɗi. Abin da ka mayar kwamfuta ta sake mutuwa, shi ne mai laifin.

Kafin ka rufe, haska tocila a kan bod. Nemi kafasita da kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa a sama, da baƙin tabo kusa da ramukan USB da na wayar intanet. Sansana ma, ƙaurin bod da ya ƙone ba ya ɓuya.

Ceton Fayil

Duk abin da Injiniya Mai Mita ya faɗa daidai ne, amma ni da had-dis zan fara, Malam, tun kafin a taɓa fawa-fak. Kwamfuta ana sayen wata, aikin kwastoma na shekaru ba a saye shi a kasuwa. Cire shi ka ajiye gefe, kada ya kasance a ciki lokacin da ake gwada fawa-fak na aro wanda ba a san lafiyarsa ba.

Had-dis ɗin teburi yana cin 12V da 5V duka. Waccan 'yar wayar USB da ake karanta na laftof da ita ba za ta juya shi ba, sai mai adaftar wuta daban, ko kuma a sa shi a matsayin na biyu a cikin wata kwamfutar teburi. In ya juya lafiya kuma ya bayyana, kada ka tsaya dube-dube: kwashi Documents da Desktop da Downloads da duk inda ake ajiye fayilolin zane zuwa wani faifan, mafi muhimmanci a gaba. Shagon bugu yana yawan manta abu guda, wato haruffan zane. Suna cikin C:\Windows\Fonts, wasu kuma a AppData\Local\Microsoft\Windows\Fonts na mai amfani. In ba ka kwashe su ba, ranar da ka buɗe tsohon katin biki a wata kwamfutar rubutun zai warwatse. Sai bayan an gama kwasa za a buɗe CrystalDiskInfo a duba lafiyarsa. Layuka uku za ka kalla, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifai: 05, C5 da C6. Lafiyayyen faifai sifili yake nunawa a dukkansu, a ƙarƙashin Raw Values.

In ko motsi bai yi ba, kada ka yanke ƙauna. A kan ɗan allon da ke ƙasansa akwai diyod na kariya a layin 12V da na 5V. Idan wuta ta yi yawa yakan haɗe kansa da gangan don ya ceci sauran, kuma irin wannan faifan in aka haɗa shi da lafiyayyen fawa-fak sai ya sa shi ya tsaya nan take, fanka ta motsa ta tsaya, kamar dai yadda ka bayyana. Mai gyaran da ya iya aiki da dalma da mita zai gano shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ciro allon wani faifai mai kama da shi a ɗora kawai, domin kowane faifai yana da nasa bayanan saiti a wani ɗan cif da sai an ɗauke shi an mayar kan sabon allon.

In kuma yana ƙas-ƙas-ƙas, kashe shi nan take. Kada a yi masa chkdsk, kada a yarda in Windows ta ce a yi fomat, kada a buɗe murfinsa a shago. Garin gyaran gira ake rasa ido a nan.

Mai Shagon Bugu

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Hajiya. Ga abin da aka samu. Fitilar bayan fawa-fak ba ta kama ba ko da an cire komai. Da na aro ta tashi, gwajin F12 ya wuce a kan firosesa da ram. Amma ramin wayar intanet ba ya haske ko kaɗan, ramukan USB biyu na baya inda firinta take ma sun daina aiki. An kwashe fayiloli duka, alhamdu lillahi, sai dai CrystalDiskInfo ya nuna rawaya, C5 ba sifili ba ne. Yanzu fa?

Dillalin Tokumbo

Yanzu lissafi ya fito fili, Alhaji. Fawa-fak ya mutu, faifai yana kan hanya, bod ya ji rauni. Abu uku ke nan cikin biyar. Ni dai shawarata a sallame ta.

Dalili na farko shekaru. i5-3470 na 2012 ne. Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025, shirin ƙarin wa'adi na masu amfanin gida kuma an sanar da shi na shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato cif ɗin tsaro na kwamfuta, da firosesan Intel zuriya ta 8 zuwa sama. Taka zuriya ta 3 ce, TPM ɗinta 1.2. Ana iya tsallake wannan shingen da manhajar Rufus mai ɗora Windows a filashi, kowa ya sani, amma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa, kuma kwamfutar da kowane kwastoma ke soka mata filashi, ake shiga imel ɗin mutane da shafukan rajista a kanta, ba ita ce ta wasa da tsaro ba.

Shawarar mai gyara na biyu kuwa, ta zuba sabbin kaya a tsohon kesin, ita ce mafi muni a cikin duka. Firosesanka soket LGA1155 ne, ba zai hau sabon bod ba. Ram ɗinka DDR3 ne mai fil 240, sabon bod DDR4 ko DDR5 yake so masu fil 288, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Fawa-fak ya riga ya tafi, faifai ma haka. To me ya rage? Ƙarfen kesin da DVD. Kuma kesin ɗin ma ba zai ba ka haɗin kai ba: wayar maɓallin kunnawa da ta ramukan gaba da ta fanka mai fil 5 duk tsarin Dell ne, sai an yi yanke-yanke ko an nemo adafta. Lasisin Windows ɗin ma a ɗaure yake da tsohon bod. Ka ga ka sayi sabuwar kwamfuta guntu-guntu, a farashin ɗai-ɗai, ka zuba ta a gidan da bai dace da ita ba.

Abin da ya fi shi ne tokumbo ta ofis zuriya ta 8: OptiPlex 3060, 5060 ko 7060, HP ProDesk 600 G4 ko EliteDesk 800 G4, ko Lenovo ThinkCentre M720. Da i5-8500 za ka samu ƙwaƙwalwa shida maimakon huɗu, yana cin 65W inda naka ke cin 77W, ga ramin M.2 na SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ke maye gurbin had-dis. Ana samunsu a Beirut Road a Kano da Computer Village a Ikeja. Tarkon da ake faɗawa shi ne OptiPlex 7040 da 7050 da HP G2 da G3. Kesin ɗinsu ya yi kama da na zuriya ta 8, ana cewa "ai i5 ce", alhali zuriya ta 6 ko ta 7 ce, ba sa cikin jerin Windows 11. Kada ka duba sitika. Shiga BIOS, wato allon saitin da ake shiga lokacin kunnawa, ka karanta lambar firosesa: a irin i5-8500 ko i5-7500, adadi na farko bayan i5 shi ne zuriya.

Kafin ka biya, a gabanka a shiga BIOS a nuna maka babu kalmar sirri a kanta, a ga TPM 2.0 a kunne. A sa Windows sabuwa a haɗa da intanet tun wajen saiti. In ta fito da sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikaci, tana ɗaure da tsohon ofishinta, fomat ba ya cire wannan, ka bar ta. Gwada kowane ramin USB da filashi. Da yawansu ba su da VGA, sai DisplayPort, don haka in manitanka tsohuwa ce ka haɗa da adafta a ciniki. Kuma ka sani fawa-fak ɗinsu ba na gama-gari ba ne, in ya mutu sai irinsa.

Mai Mita

A kan zuba sabon bod a tsohon kesin, ba mu da saɓani da Yallaɓai Dillali, kada a yi. Amma "a sallame ta" ya yi sauri. Duba abin da gyaran ke buƙata a zahiri: fawa-fak ɗaya, SSD na SATA 256GB ko 512GB, katin intanet na PCIe ko na USB, batirin CR2032, da man sanyaya firosesa. A cikin waɗannan SSD ne mai ɗan nauyi a aljihu, kuma shi ba asara ba ne, gobe za ka ciro shi ka sa a duk kwamfutar da ka saya. Had-dis na yau da kullum yana karanta 100 zuwa 150MB a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 500, kuma a buɗe Windows da Word da CorelDRAW bambancin ya fi abin da lambobin ke nunawa. Ga aikin buga takarda, i5-3470 da 8GB ba su gaza ba.

Inda zan ja layi shi ne bod. Ramin intanet da USB biyu da suka mutu sun nuna wutar ta shigo ta wayar firinta ko ta rauta, ba ta fawa-fak kaɗai ba. Wani lokaci ɗan fiyus ɗin da ke tsaron ramin ne kawai ya tafi, sauran bod lafiya lau. Wani lokaci kuma raunin ya kai cifset, babban cif ɗin da ke kula da ramukan bod, sai bayan makonni a fara ganin tana daskarewa. Ba a gane wannan da ido, sai da gwaji. Sa MemTest86, manhajar gwajin ram, a filashi ka bar shi ya zagaya sau huɗu da sandunan biyu a ciki. Kuskure ko ɗaya ne, gwada kowace sanda ita kaɗai a ramuka daban-daban don a san ram ne ko rami. Sannan a bar ta tana aiki mai nauyi awa biyu ana kallon zafi da HWMonitor. In ta haura 85°C, cire abin sanyaya, goge tsohon man da sifirit mai tsabta, sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a hure ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen, ana riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. In ta ci waɗannan gwaje-gwajen, a gyara. In ta faɗi ko ɗaya, kada ka sayi wani bod ɗin 7010. Shi ma ɗan shekara goma da ɗoriya ne, ba ka san wutar da ya sha ba.

Ma'aunina shi ne: tara kuɗin kayan da ba za su bi ka zuwa wata kwamfutar ba, wato fawa-fak da katin intanet da ladan mai gyara. In sun kai rabin kuɗin tokumbo zuriya ta 8 a kasuwar yau, bi shawarar Yallaɓai. In ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, gyara ta, ko da za ka sayi wata daga baya. Shagon da ke da kwamfuta ɗaya tal yana rufewa ne duk ranar da ta yi tari, ita wannan sai ta zama ta bugu da zane, ba a haɗa ta da intanet, sabuwar ta ɗauki rajista da imel.

Abu biyu wajen haɗawa. Kafin ka cire batirin bod, shiga F2 ka ɗauki hoton SATA Operation da Boot Sequence. Cire batiri yana mayar da saiti na asali, kuma in yanayin SATA ya sauya tsohuwar Windows za ta ba da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mutum ya zaci faifai ne ya mutu. Na biyu, sabon fawa-fak: ɗaga shi a hannu. Wanda aka rubuta wa 650W amma ba shi da nauyin komai, ba shi da kariyar da za ta tsaya tsakanin wuta da bod. In na tokumbo ne mai ɗan jan makunni a baya, tabbatar yana kan 230 ba 115 ba kafin ya ga soket.

Ceton Fayil

Ƙari kaɗan a kan SSD. Tunda C5 ya motsa, kada a yi kulonin ɗin tsohon faifan zuwa sabo, wato kwafe shi ɗungurungum har da Windows ɗinsa. Manhajar kulonin za ta maƙale a wuraren da suka lalace, ko ta kwaso fayilolin Windows da suka riga suka gurɓace, ga kuma wuta da ta ɗauke yana tsakiyar rubutu. A sa Windows sabuwa fil daga filashi mai 8GB, SATA Operation yana kan AHCI, tsohon faifan a cire lokacin sawa don kada fayilolin tashi su sauka a kansa. In tsohuwar Windows ɗin tana tashi har yanzu, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta pnputil /export-driver * E:\direba, E ɗin filashinka ne, bayan ka buɗe fulda mai wannan sunan a ciki. Zai kwashe direbobin firinta da sikana, waɗanda na tsofaffin samfura kan yi wuyar samu. Nemo lambobin lasisin manhajojin zane tun kafin a goge komai.

Tsohon faifan kada ya koma wurin ajiyar kwafi. Ka samu wani na waje, a riƙa kwasa duk ƙarshen mako, a zare shi a sa a durowa. Wanda aka bari a soke, wutar da ta ci kwamfuta za ta ci shi tare da ita.

Mai Wayarin

Malam, ko wacce ka zaɓa, a fara duba wayarin ɗin shagon kafin a soka ta. Ƙwai biyu su ƙone lokaci guda, wannan ya wuce ɗan tsallen wuta na ƙiftawar ido. Ya fi kama da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da ya saki a mitar shago ko a fol. Idan nutural ya yanke a layi mai fes uku, wani soket ɗin zai faɗi ƙasa, wani ya haura ya tunkari 400V maimakon 230, kuma yakan daɗe a haka. Ekstenshan mai kariya ba a yi shi don wannan ba, shi kansa ƙonewa zai yi. A sa mai wayarin ya matse nutural a allon fiyus da wajen canja layi zuwa janareta, ya kuma auna ko ramin ƙasa na soket ɗin yana haɗe da ƙarfen da aka binne. Shaguna da yawa waya biyu kawai aka ja musu, kuma in babu ƙasa kariyar ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tare.

Jerin haɗin shi ne: bango, sai na'urar da ke yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa kuma take jira kafin ta mayar, irin wadda ake sa wa firiji, sai sitabilaiza, sai UPS, sannan kwamfuta da manita. UPS mai 650VA ya ishe su, ainihin ƙarfinsa bai kai 400W ba. Batirinsa 12V 7Ah ne, kuma a zafin Arewa ba ya daɗewa. Gwada shi ta zare wayar bango kwamfuta tana kunne babu aiki a buɗe, in ta mutu nan take a canza batir.

Firintar leza kada ta hau UPS, hitarta tana jan wuta fiye da abin da zai iya ɗauka. Amma dole ita da rauta su kasance a bayan waccan na'urar yankewa, a layi ɗaya da kwamfutar, tunda ta wayoyinsu ne ramukanka uku suka tafi. Wajen komawa janareta kuma, a kashe makunnin kwamfuta a bango, a tayar da inji ya daidaita kamar minti ɗaya, sannan a kunna.